Hutun Iyali A Kan Tsauni: Ina Za Mu, Kuma Ina Za Mu Kwana?

A wannan wata ina so ne in ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi da iyalina, da irin lissafin da na sha kafin mu sa ƙafa a mota, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Mu mazauna Barnawa ne, a tsallaken Kogin Kaduna. Wata rana da daddare bayan sallar isha'i, muna zaune a falo yara suna kallon talabijin, sai aka nuno wasu mutane sun ɗaura dogayen allunan nan a ƙafa suna zamiya daga kan tsauni, ko'ina fari fat da dusar ƙanƙara. Ɗana na tsakiya, mai shekara tara, ya juyo ya ce, "Umma, don Allah hutun nan a kai mu can." Abbansu ya yi dariya ya ce, "To, ai ga Ummanku nan, ita ce ma'ajin gidan, ku tambaye ta."

Wasa-wasa magana ta zama babba. Dama na kusa kwasar adashin da muke yi da matan unguwa, shi ma maigida ya ce zai cika, tunda rabonmu da fita hutu gaba ɗaya tun auta yana goye. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Yaron nan da ya fi kowa ɗokin ƙanƙara, shi ne mai ciwon sikila. Duk uwar da ke rainon mai amosanin jini ta san abin da sanyi yake nufi a gidanta. Ga kuma surukata, Hajiya, wadda ba za mu tafi mu bar ta ba, ita kuma gwiwoyinta ba su son matakala.

Me ya sa ba mu da dusar ƙanƙara?

Kafin in ce wa yaro a'a, sai da na nemi dalilin da zan ba shi, domin yaran yanzu ba a rufe musu baki da "haka Allah ya yi" kawai sai sun ji bayani. Abin da na gano shi ne, duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Garin Kaduna yana kan tudun da bai wuce kimanin mita 600 daga saman teku ba. Jos tana kan kimanin mita 1,200, shi ya sa da ka isa za ka ji iska ta canza. Tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, mai mita 2,419. To, a ƙasar da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu, wannan tsawo bai isa ya sa sanyi ya kai inda dusa za ta zuba ta kwanta ba. Ƙanƙarar da kan faɗo da ruwan sama a Jos da damina daban take, tsakuwa ce, kafin a jima ta narke.

Duk da haka na gaya masa kada ya ɗauka wasan ya fi ƙarfin ɗan Najeriya. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Koriya ta Kudu a 2018, mata uku 'yan asalin ƙasar nan, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun wakilci Najeriya a tseren amalanken ƙanƙara. A 2022 kuma Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa, ya shiga tseren zamiya a Beijin da tutar Najeriya.

Ga masu halin ƙetarawa

Idan Allah ya hore wa maigida, kuma lallai dusar ake son gani, akwai ƙasashen Musulmi da uwargida za ta je ba tare da fargabar abinci ko neman wurin salla ba. A Maroko akwai Ukaimedan, cikin tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 75 daga birnin Marakesh. Filin wasan yana farawa ne daga kimanin mita 2,600, kuma lokacinsa daga Janairu ne zuwa Maris. Amma fa dusar wurin ba ta da tabbas, wata shekarar ta zuba sosai, wata shekarar fari ya hana, saboda haka da yawan baƙi a Marakesh suke kwana, su hau da safe su sauko da yamma. A Turkiyya akwai Uludag, a bayan birnin Bursa, tsauni mai mita 2,543, ana hawansa da motar igiya tun daga gefen gari, kuma dusarsa ta fi daɗewa, daga Disamba har Maris. Wadda kuma hutun yaranta na dogon zango ne, akwai Afriski a ƙasar Lesoto, inda sanyinsu yake kamawa daga Yuni zuwa Agusta, sai dai wurin ya haura mita 3,000.

Na rubuta waɗannan lambobi a takarda na kai wa likitan da ke duba ɗana. Ya duba, ya ajiye biro, ya ce, "Hajiya, wannan lambar da kike gani ba ta ado ba ce. Duk yadda aka yi sama, iskar da jiki ke samu raguwa take yi. Mai cikakkiyar lafiya ma, daga mita 2,500 yakan fara jin ciwon kai da haki. Shi kuwa mai sikila, ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa, su ne abubuwa uku da ke tayar masa da ciwo, kuma a kan tsauni duk ukun suna haɗuwa." Nan take na soke ƙetare daga lissafi, ko da kuwa kuɗin sun isa, balle ma ba su kama hanyar isa ba, idan aka haɗa tikitin mutum bakwai da biza da hayar kayan wasa.

Irin wannan shawara ta shafi mai juna biyu, da mai asma, da tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya. 'Yar'uwa, kafin ki tambayi kuɗin wuri, fara tambayar tsawonsa, ki kai wa likita.

Na gida Najeriya

Da muka dawo gida, wuri na farko da ya zo mana a rai shi ne wanda ke bayan ɗakinmu. Duk wanda ya bi hanyar Kaciya daga Sabon Tasha, ya wuce matatar mai da Kujama da Kasuwan Magani, zai fara ganin manyan duwatsu sun tasa kai sama. A kan ɗaya daga cikinsu ne wani Bajamushe mai suna Gerhard Huebner ya gina fadar dutse ta Kajuru a shekarun 1980, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, da hasumiyoyi da katanga mai kauri irin ta sarakunan Turai na da. Ɗakunan kwanan wurin kaɗan ne, shi ya sa aka san shi da bayar da haya ga ƙungiya ɗaya a lokaci guda, abin da ya dace da iyalin da ke son sirri. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin da daddare, suka kashe baƙi biyu, ɗan Najeriya da wata 'yar Ingila ma'aikaciyar agaji. Maigida ya ce in dai Kajuru ce, sai dai a je da hantsi a dawo kafin la'asar, bayan an tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki a wannan makon. Batun kwana da yara kuwa bai taso ba.

Na biyu shi ne Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Duk wanda ya je yakan dawo da labarin koren tudu iya ganinka, da shanun Fulani, da gonakin ganyen shayi na Kakara, da hazon da ke rufe Nguroje da Gembu da safe. Tudun yana kan kimanin mita 1,600, akwai Musulmi da yawa, masallaci da abinci ba matsala. Abin da ya hana mu shi ne nisa. Daga Jalingo sai an bi ta Bali da Serti, sannan a fara hawan nan mai kwana-kwana daga Mayo Selbe. Daga Kaduna tafiya ce ta kwana a hanya, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare, babban asibiti yana can nesa.

Na uku shi ne Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda wasu Turawan Sikotilan suka fara a matsayin gandun kiwon shanu a 1951. Yana kan kusan mita 1,600 shi ma. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa masa motar igiya mai tsawon kimanin kilomita 4, amma ta yi lokuta ba ta aiki, don haka mai zuwa dominta ya tabbatar kafin ya tashi. In ba ita ba, sai hanyar mota mai kwana 22 a cikin kilomita 11, wadda Hajiya da jin labarinta ta ce, "Ku je ku dawo, ni na yafe." Ga nisa, ga kuma batun yanka, wanda sai uwargida ta yi tanadin abin da za ta ci.

Da muka auna duka, sai Jos ta rage. Sanyinta na gaske ne, domin a Disamba da Janairu dare yakan sauko kusa da digiri 10, wani lokacin ma ƙasa da haka. Tsawonta bai kai inda likita ya hana ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo. Muna kuma da dangi a can da za su gaya mana unguwar da ta dace, domin Jos kamar Kaduna take, ta ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma mu da muke zaune tsallaken kogi mun san yadda irin wannan yake raba unguwanni. Likita ya amince da sharaɗi uku: yaro ya kasance cikin ɗumi, ya yawaita shan ruwa, kada ya hau dutse har ya yi haki.

Kuskuren da na yi

A nan ne na yi abin da nake so ku guje wa. Na ɓata makonni ina zaɓen gari, amma masauki cikin rabin awa na zaɓe shi. Na ga hotuna a waya, ga labule mai kyau, ga furanni a tsakar gida, ga araha, sai na tura kuɗin kwana uku gaba ɗaya. Ashe gaskiyar Hausawa ce da suka ce araha ba ta ado.

Mun tashi daga Barnawa bayan sallar asuba, muka haye gada, muka bi ta Kawo zuwa Mararrabar Jos, sannan Pambeguwa da Saminaka da Jengre. Da azahar muna cikin gari. Da isarmu masaukin aka ce ɗakunan da suka rage a hawa na biyu suke. Haka Hajiya ta hau tana dafa bango tana salati. Da magariba aka ɗauke wuta, aka ce janareta sai ƙarfe tara, kuma ba ya ɗaukar hita. Bargo guda ɗaya siriri a kowane gado, taga kuma ba ta rufuwa sosai, iska na ta shigowa tana kaɗa labulen nan da ya ruɗe ni a hoto.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji yaron yana juyi. Na taɓa ƙafarsa, sanyi ƙalau. Na ce, "Ina ke maka ciwo?" Ya ce, "Umma, ba ciwo ba ne, sanyi ne kawai." Amma ni na san daga inda yake farawa. Na haɗa bargunanmu duka na lulluɓe shi, na sa masa safa biyu, na ba shi sauran ruwan zafin da ke cikin filas, na rungume shi ina addu'a. Maigida ya sauka ƙasa neman taimako, sai ga mai gadi, bawan Allah, ya kawo kaskon gawayi da zuciya ɗaya ya ce a sa a ɗaki a rufe ƙofa. Abbansu ya yi masa godiya, ya ce a bar shi a baranda, muka dafa ruwa a kai muka cika robobi muka naɗe da tawul muka jera wa yaron a gefe.

Don Allah 'yan'uwa ku riƙe wannan. Gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. Ba a nan kaɗai ba, a Disambar 2024 mutum 12 ne suka mutu ta wannan hanya a Gudauri, wani wurin wasan ƙanƙara a ƙasar Jojiya, bayan an kunna janareta a cikin gini kusa da inda suke kwana.

Allah ya taimake mu ciwon bai tashi ba. Gari na wayewa muka tattara, muka bar musu kuɗin kwana biyu, wata 'yar'uwar maigida ta raka mu wani gida mai ɗaki uku da kicin da ake bayarwa haya na kwanaki. Ya fi tsada, amma a ƙasa yake, yana da sola, ruwan zafi na zuwa, kuma na dafa wa Hajiya tuwonta da hannuna.

Abin da za ki tambaya kafin ki biya

Daga wannan dare na fitar da tambayoyin da ba zan sake kama ɗaki ba sai na ji amsarsu. Ki kira da bakinki, kada ki bar wa maigida shi kaɗai, domin shi farashi da wurin ajiye mota zai tambaya, ke ce kika san abin da dare ke bukata.

Na farko, ruwan zafi. Da me ake dafa shi, kuma idan an ɗauke wuta yana nan? A garin sanyi wankan yara da alwalar asuba duk a kansa suka rataya.

Na biyu, ɗakin yana ƙasa ne ko bene? Idan da tsohuwa ko mai ciki, a rubuta miki cewa na ƙasa aka ba ki.

Na uku, barguna nawa ne a ɗaki, kuma tagogi suna rufuwa? Ko an ce akwai, ki tafi da naki. Ni yanzu kafin tafiya sai na leƙa kasuwar Litinin ta Kakuri na haɗo rigunan sanyi da huluna da safa.

Na huɗu, akwai kicin ko an yarda a yi girki? Iyali mai mutum bakwai, sayen abinci sau uku a rana shi ke cinye kuɗin hutu, ga shakkar yanka a wasu wuraren.

Na biyar, sirri. Akwai mashaya ko wurin kiɗa a harabar? Za ki iya fitowa shanya ko ɗibar ruwa ba tare da ratsa taron maza ba?

Na shida, minti nawa ne zuwa asibiti, kuma mota na iya fita cikin dare?

Na bakwai, ina ƙofar tsira idan gobara ta tashi? Kada ki ce wannan tambayar Turawa ce. A ranar 21 ga Janairun 2025 gobara ta kama wani babban otal a Kartalkaya, wurin wasan ƙanƙara a Turkiyya, lokacin hutun makaranta, mutum 78 suka rasu, da yawansu yara ne da iyayensu. Da kin shiga masauki, ki zaga da yara ki nuna musu hanyar fita.

Sannan kada ki biya kuɗin kwanaki duka tun kina gida. Ki ba da kafin alƙalami na dare ɗaya, ko ki tura wani ɗan'uwa ya gano miki da idonsa, domin gani ya kori ji. Hanya kuma a bi ta da rana, a isa kafin la'asar. Game da salla, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana yin ƙasaru a cikinta, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba, amma ki ƙara tuntuɓar malamar Islamiyyarku kafin ku tashi.

Kwana biyun da suka rage

Da hankali ya kwanta sai muka ga Jos ɗin da muka zo gani. Mun je gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda yara suka ga kawunan yumɓu na Nok, na kuma gaya musu cewa garin Nok ɗin a kudancin jiharmu ta Kaduna yake. Mun shiga kasuwar Farin Gada, na cika buhu da dankalin Turawa da kabeji da karas na tsaraba. Da yamma 'yar'uwar maigida ta kawo mana gwaten acca mai zafi, Hajiya ta sha kwano biyu.

Washegari muka nufi duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Maigida da manyan yaran suka hau wani sashe tare da ɗan rakiya, ni da Hajiya da yarona muka shimfiɗa darduma a gindin dutse da filas ɗin shayi. Na zaci zai yi fushi don an hana shi hawa. Sai na ga ya samu wani faffaɗan dutse mai santsi da bai fi tsayin mutum ba, ya zauna a kan kwali yana sulalowa, ƙaninsa na biye da shi. Ya sulalo ya fi sau ashirin ina ƙirgawa, ina miƙa masa ruwa. Da asubar ranar da za mu taho ya fita baranda cikin hula da rigar sanyi biyu, ya hura iska, ya ƙwala mini kira, "Umma, zo ki gani, hayaƙi na fita daga bakina!"

A hanyar dawowa, daidai kan gadar Kaduna, ya tambaye ni ko in ya girma zai iya zuwa wurin dusar. Na ce masa in ya girma zai je ya zauna da likitansa su yi shawara, kamar yadda na yi. Adashin bana kuma mun riga mun shiga, kuma wannan karon masauki zan fara nema.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana hanyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.